Hunturu Da Lambu, Namu Da Na Turai

Duk wanda ya taɓa karatun Turanci, ko da kaɗan ne, ya gamu da labarin wani lokaci na shekara wanda mutanen Ingila ke shakka ƙwarai, lokacin da itatuwa su kan zubad da ganye su tsaya tsirara, ƙasa ta yi fari fat da dusar ƙanƙara, mai lambu ya jingine kayan aikinsa ya koma bakin murhu. Da ya ke mu ma muna da namu lokacin sanyi, watau hunturu, ga shi kuwa watanninsa sun zo daidai da nasu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai yaro ya ɗauka duk abu guda ne, abin da littafi ya faɗa a kan lambun Ingila ya faɗa ke nan a kan lambun Zazzau. To, nufina cikin wannan takarda in bayyana yadda al'amarin ya ke, gama watannin da lambun Bature ke barci su ne ainihin watannin da namu ke tashi. Maganar kuwa ta shafe mu, mu da za a ba aji gobe ko jibi, a haɗa mana da lambun makaranta. Malamin da ya bi lissafin littafi ya bar lissafin ƙasarsa, yara za su yi ta jan ruwa wata uku ba su tsinki ko tumatir ɗaya ba, iyayensu kuwa, waɗanda suka gaji lambu kaka da kakanni, su ce ilmin boko bai san ƙasa ba.

Bari mu fara da abin da ke kawo sanyin. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, amma ba a tsaye sak ta ke ba, a karkace ta ke da misalin digiri 23 da rabi. Sabo da wannan karkata, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris rana ta kan fi fuskantar kudancin duniya, arewa ta sami ragowa. Wanda ya koyi awon inuwa wurin malaminsa don sanin shigar Azahar ya riga ya ga shaidar wannan da idonsa, don ya san a hunturu inuwar tsakar rana ta kan yi tsawo ta kwanta wajen arewa. Amma abin da mu ke gani nan ɗan kaɗan ne. Zariya tana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, Landan kuwa tana kan 51 da rabi. Ran 21 ga Disamba, mutumin da ya tsaya a kasuwar Tudun Wada da tsakar rana inuwarsa ba za ta kai tsayinsa ba, yininsa kuma wajen awa 11 da rabi ne. A wannan rana ɗin a Landan inuwar mutum ta kusa ninka tsayinsa huɗu, yinin duka bai cika awa 8 ba, dare ya kwashe sauran. Ranar da ba ta hau sama sosai ba, ba ta kuwa daɗe ba, ina za ta iya ɗumama ƙasa? Zafin da ƙasa ke samu da rana bai kai wanda ta ke rasawa da dare ba, sai sanyi ya yi ta taruwa kullum.

A ma'aunin zafi wanda a ke aiki da shi, ruwa ya kan tafasa a digiri 100, ya daskare a 0. Ingila a kan tsibiri ta ke, iskar da ke zo mata daga teku cike ta ke da laima. In irin wannan iska ta gamu da mai sanyi ƙwarai, tururin da ke cikin girgije ya kan daskare kai tsaye, tun bai zama ɗigon ruwa ba, ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa shida, su manne da juna, su riƙa saukowa a hankali ba ƙara. Mutumin Zazzau da ke son ya kwatanta abin a ransa, ya tuna audugar rimi sa'ad da ta fashe iska na yawo da ita cikin birni, ya ƙara mata yawa har ta rufe soraye da hanyoyi. Ita ce mu ke kira dusar ƙanƙara, don ta yi kama da dusa wajen rashin nauyi. Kada a haɗa ta da ƙanƙarar da mu ka sani, wadda ke faɗowa da hadarin farkon damina kamar tsakuwa ta yayyage ganyen shuka. Waccan cikin zafi ta ke zuwa, ƙanƙantar lokaci ta narke. Malamanmu na fiƙihu sun san dukansu biyu cikin littattafan Larabci, sun kuwa lasafta ruwansu cikin wanda a ke alwala da shi in ya narke, ko da ya ke yawancinsu ɗayar ba su taɓa ganinta ba. Iska ce ta fi yawa cikin dusar ƙanƙara: wadda ta taru inci 10, in ta narke, ruwanta misalin inci ɗaya ne kurum.

Abin mamaki shi ne, mai lambu a Turai ya fi tsoron daren da sama ta ke garau da daren da dusar ke zuba. Dalili kuwa, ruwa in ya daskare kumbura ya ke yi, mudu 11 na ruwa ya cika wurin mudu 12. Ganyen shuka da saiwarta cike su ke da ruwa, to, in sanyi ya kai 0 wannan ruwa ya daskare a cikinsu, sai ya farfasa su daga ciki. Gari na wayewa, rana ta ɗan taɓa su, sai ka ga ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Tumatir da wake da kabewa da ganyen dankali dare ɗaya ya ishe su. Don haka ba mai dasa su a fili a Ingila sai wajen ƙarshen Mayu, in ba cikin ɗakin gilashi ba.

Ita dusar kuwa, in ta zo bisa ƙima, bargo ce. Iskar nan da ke cikinta ita ke hana ɗumin ƙasa fita, kamar yadda audugar da a ke cusawa cikin bargo ke tsare ɗumin jiki, har ya zamana a sama sanyi ya wuce 0 da nisa, amma a ƙarƙashinta saiwa na kwance lafiya. Manomin Ingila ya kan shuka wata irin alkama a Oktoba, ta tsiro ta yi ɗan ganye, ta kwana cikin sanyi, ba a girbe ta sai Agusta. Irin wannan alkama in ba ta sha sanyi na makonni ba, ba ta fid da zangarniya. Haka itacen tuffa, in bai sami isasshen sanyi ya yi barcinsa ba, furensa ba ya fita sosai. Ban da wannan, mai lambu ya kan kafce ƙasa tun kafin sanyi ya bar ta hoge-hoge, ruwan da ke cikin hogen ya daskare ya narke, ya daskare ya narke, har ya marmashe shi ba da an sa hannu ba. Ƙwari da yawa kuma su mutu. Sa'an nan in lokacin ɗumi ya zo dusar ta narke sannu sannu ta jiƙa ƙasa, shuka ta farka ta tarad da ruwa a gindinta.

Wannan duk in abin ya zo da sauƙi ke nan. In ya zo da yawa kuwa masifa ce, shekarar 1947 ta isa misali. Dusa ta fara zuba a Ingila wajen 23 ga Janairu, aka yi kwana 55 a jere ba ranar da ba ta sauka a wani sashe na ƙasar ba. Iska ta riƙa tara ta har tulinta a wasu wurare ya fi tsayin mutum biyu, ƙauyuka suka yanke daga gari, jiragen ƙasa masu ɗauke da kwal suka maƙale a hanya, aka rufe masana'antu, aka riƙa ɗauke wutar lantarki ta gidaje awa biyar kullum. Tumaki suka mutu a ƙarƙashin dusa har aka ƙiyasta kashi ɗaya cikin huɗu na tumakin ƙasar sun halaka. Kayan lambun da ke cikin ƙasa suka daskare tare da ita, har a wasu wurare sai da injin fasa titi aka haƙo su. Da Maris ta yi tsaki ɗumi ya zo farat ɗaya da ruwan sama, ƙasa kuwa tana daskare ba ta iya shanyewa, sai koguna suka yi ambaliya suka ci gonaki da gidaje sama da 100,000. Kafin shekarar ta ƙare sai da hukuma ta ƙayyade dankalin da ko wane mutum zai iya saye. An sake yin wani sanyin mai tsanani daga ƙarshen Disamba 1962 zuwa farkon Maris 1963, wanda har teku ta daskare a wasu gaɓoɓi.

To, mu koma gida. Yara su kan tambaya, tun da mu ma muna rawar ɗari, me ya sa dusar ƙanƙara ba ta sauka a Zariya? Amsa biyu ce. Ta fari, sanyinmu ba ya kai 0. A Disamba da Janairu, da asuba, ma'auni ya kan nuna 13 ko 14, wani lokaci ya sauka wajen 10, da rana kuwa ya hau wajen 30. Ta biyu, lokacin da mu ke da sanyi ba mu da girgije, lokacin da mu ke da girgije ba mu da sanyi. Ko Jos, da ta ke wajen ƙafa 4,000 bisa teku, kusan ninki biyu na tudun Zariya, ƙanƙara ta sani, ba ta san dusa ba. A Afirka sai an hau manyan duwatsu irin su Kilimanjaro, ko an matsa arewa ko kudu ƙwarai. Garin Ain Sefra da ke bakin hamada a Aljeriya ya ga dusa bisa rairayi a 1979, da 2016, da 2018, aka yi ta mamaki ana ɗaukar hoto. A duwatsun Azbin kuma, arewa da Agadas, inda Buzaye ke da lambunan albasa da tafarnuwa da lemo, akwai daren da ruwa kan daskare.

Hausawa tun tuni sun raba sanyi biyu: akwai sanyi mai laima irin na marka, akwai ɗari, busasshe mai tafe da iska. Namu na hunturu ɗari ne, daga hamada ya ke. In rana ta karkata kudu, iskar Sahara ta kan huce ta yi nauyi, ta kwararo daga arewa maso gabas, ta tura iskar teku mai kawo mana damina har ta mai da ita bakin teku. A ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, misalin mil 800 daga nan, akwai wani kwari da a ke kira Bodele. Dā ƙasan wani babban tafki ne wanda ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi, yawancinta ɓawon wasu 'yan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iska in ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kan yi ƙarfi ta kwashi wannan ƙasa, cikin kwana ɗaya ko biyu sai mu wayi gari ba a ganin dutsen Kufena. Hazo ke nan. Wani sashe na ƙurar ya kan ƙetare teku har Amurka ta Kudu.

Wannan iska ba laima cikinta ko kaɗan, shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso, bangon littafi ya lanƙwashe, ruwan randa ya yi sanyi kamar ya cire haƙori. Da ya ke ba girgijen da zai tare, ɗumin da ƙasa ta tara da rana ya kan tsere sama da dare. Iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, gangarawa ta ke kamar ruwa ta taru a kwari, don haka mai zuwa fadama da asuba ya fi na kan tudu jin jiki. Wanda ya ce da safe a ke kama fara ya lura da kyau, gama ƙwaro ba shi da ɗumin jiki na kansa, sai rana ta ba shi.

Wannan ɗari shi ne jarin mai lambu. Kowa ya bi bakin Kubanni, daga Samaru har inda ta ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ta nufi Galma, ko ya leƙa fadamun Galma da na Shika da Hunƙuyi da Kudan a watan Janairu, zai ga abin da ba ya gani da damina. Tudu ya bushe ƙurmus, kuka ta zubad da ganye, kara ya yi fari, amma kwari kore shar: ga albasa, ga tumatir, ga tattasai da attarugu, ga kabeji da karas da latas, ga rake. Ruwan da Zariya ke samu, inci 40 da 'yan kai, kusan duk tsakanin Mayu da Oktoba ya ke sauka. Wanda ya nutse ƙasa ya kan gangara ya kwanta a ƙarƙashin fadama kusa da sama, shi a ke jawowa da rani. Aikin da dusar ƙanƙara ke yi wa Bature na ajiye ruwa, mu fadama ke yi mana. Kakanninmu da jigo da guga da ƙwarya su ke ɗebo shi, daga baya injin ban ruwa ya zo, ya kuwa yawaita a shekarun 1990 da aka yi shirin bunƙasa fadama, aka haƙa wa manoma ƙananan rijiyoyin burtsatse.

Me ya sa waɗannan kaya suka fi son hunturu? Da yawa daga cikinsu asalinsu na ƙasashen sanyi ne, zafin da su ke so shi ne irin na lokacin ɗumin Turai, wanda ya yi kusa da na hunturunmu. Tumatir ya fi ɗaura 'ya'ya in dare ya yi sanyi sanyi, tsakanin 15 da 20. In dare ya wuce 21 ko 22, rana kuma ta haura 32 da nisa, furen ya kan kakkaɓe ya bar ganye kawai. Latas in ya ji zafi sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Kabeji ba ya naɗe kai da kyau. Da damina kuwa ga laima da ke kawo ruɓa da cututtukan ganye, waɗanda busasshiyar iskar hunturu ke ragewa. Amma fa ba kowace shuka ke murna ba. Kuɓewa da alayyafo da masara 'yan zafi ne, in an shuka su a tsakiyar ɗari su kan daɗe ba su tsiro ba, in sun tsiro su tsaya cik sai iska ta juya. Mangwaro shi kuwa a hunturu ya ke fure, mu sha shi da bazara.

Alkama ta fi kowa nuna gaskiyar wannan magana. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Turawa ana nomanta a fadamu ana yin alkaki da taliya. Tamu ba irin mai kwana cikin dusa ba ce, wata uku da rabi zuwa huɗu ta isa girbi, amma tana bukatar sanyi sa'ad da ta ke yaɗo daga gindi, da sa'ad da ƙwaya ke cika. Shi ya sa masana aikin gona na Samaru, inda a ke binciken noma tun shekarun 1920, ke horon a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya yi jinkiri har Janairu, zafin Maris zai tarad da zangarniyarsa ɗanya, ƙwaya ta motse, ya auna buhu ya ga ba nauyi. Manoman Kadawa a ƙasar Kano, masu sha daga madatsar Tiga, sun san wannan sarai.

Akwai wani tarko da na ke so 'yan'uwana su lura da shi, shi ne irin da ke zuwa cikin 'yan takardu daga Turai, da kyakkyawan hoto a gaba da bayani a baya. Bayanin nan don mutanen can aka rubuta shi. In ya ce a shuka a Maris ko Afrilu, nufinsa lokacin da sanyinsu ya fara sauka, mu kuwa a watannin nan ne zafi ke kai wa 36 ko fiye, rijiyoyi na ja da baya. Har irin kansa wani ba namu ba ne. Albasa tsawon yini ta ke dubawa kafin ta yi kai. Ta Ingila sai yini ya kai awa 14 ko 16, irin yininsu na Yuni, mu kuwa yininmu mafi tsawo bai cika awa 13 ba. Ka shuka ta nan, ka ba ta taki da ruwa yadda ka ga dama, lawashi kaɗai za ta yi maka har ta gaji. Tamu ta gida, irin wadda a ke nomawa a Aliero ta ƙasar Kabi da Galmi ta Nijar, awa 11 zuwa 12 ta ishe ta. Ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. A ganina malamin da ya je wurin tsohon mai lambu na garin da aka kai shi, ya gai da shi, ya sayi iri a hannunsa, ya tambaye shi lokaci, ya fi wanda ya dogara ga takarda samun abin kirki, ya kuma sami aboki a garin.

Abokin gaban lambunmu ƙishirwa ce da zafi. Iskar hunturu tana shan ruwan ƙasa da na ganye da sauri ƙwarai, ƙaramin dashe yini ɗaya ya isa ya kwantad da shi. Dabarun da masu lambu ke yi duk a kan wannan su ke. Da damina kunya a ke yi don ruwa ya wuce, haka kuma Bature ke ɗaga ƙasar lambunsa sama, amma da rani fangali a ke yi, a ƙasƙantad da cikinsa a ɗaga gefe don ruwa ya zauna. A kan kafa darni na kara ta wajen arewa maso gabas ya karya ƙarfin iska, ya kuma tsare awaki, waɗanda a wannan lokaci ba abin da su ke gani kore sai lambu. A kan shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a gindin shuka, wannan shi ne namu bargon, sai dai mu laima mu ke tsarewa da shi. Ban ruwa kuwa da sassafe ko da yamma, don na tsakar rana da yawansa iska ke sha. Ita ƙurar hazo tana da fuska biyu. In ta lulluɓe ganye ta kan rage masa hasken da ya ke dafa abincinsa da shi, shi ya sa yayyafi daga sama ke da amfani lokaci lokaci. Amma in ta kwanta ƙasa taki ce, don masu bincike sun auna sun tarar tana ɗauke da gishirin da shuka ke ci, har ma ƙasar saman da mu ke nomawa tsakanin Zariya da Kano da yawanta iska ce ta kawo ta a zamanin dā.

Da ya ke kowa lokaci ɗaya ya ke dashe, kowa lokaci ɗaya ya ke tsinka. Daga Janairu zuwa Maris tumatir ya kan cika kasuwa, ana loda kwanduna a manyan motoci zuwa kasuwar Mil 12 a Ikko, watau Legas, wanda ya rasa mai saye a yanka shi a shanya ya zama kauɗa. Mai neman tsada ya kan jinkirta dashe don nasa ya nuna bayan na mutane ya ƙare, amma caca ce, gama da zafi ya shigo ƙwari ke farkawa. A 2016 wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganye da 'ya'ya, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da maƙwabtansu cikin 'yan makonni, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Wannan tsutsa da zafi ta fi hayayyafa. Wani abu kuma da ya kamata a faɗa wa yara: ruwan Kubanni da rani ya kan ragu, ga shi kuwa kwatamin gari na zuba ciki, sabo da haka latas da karas da duk abin da a ke ci ɗanye a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

Saura lissafin lambun makaranta. Kada a ɗaura shi a kan watannin Musulunci, don su kan matso da kwana 11 ko wace shekara, azumin da aka yi cikin ɗari bayan 'yan shekaru cikin marka za a yi shi. Malaman hisabi sun san haka, shi ya sa su ke lasafta wa manoma da taurari 28 masu bin shekarar rana. Mu sai mu bi watannin Turawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a tanadi taki da kara tun kaka, a yafa irin tumatir da kabeji da albasa a komi daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a yi masa 'yar rumfa, a dasa tumatir da kabeji bayan mako huɗu zuwa shida, albasa ta ɗan fi haka daɗewa. Karas ba a dasa shi, inda aka shuka nan ya ke zama. Kuɓewa da alayyafo a bar su sai ƙarshen Fabrairu, in akwai ruwa. Kada kuma a yi fangali fiye da yadda rijiyar makaranta za ta iya shayarwa a watan Maris, don ruwan da a ke gani a Nuwamba ba shi za a tarar ba.

Abin da ya fi kashe lambunan makarantu shi ne hutun Disamba. Ya kan zo daidai lokacin da dashe ya kama ya fara fure, iska kuma ta fi bushewa, a rufe makaranta mako biyu ko uku, a komo a tarad da ƙasa ta tsage. Tun kafin a tashi malami ya zaɓi yaran da gidajensu ke kusa, ya raba musu kwanaki biyu biyu, ya rubuta sunayensu ya ba mai gadi ko mai unguwa, ya kuma gaya musu a gaban 'yan'uwansu cewa kwandon farko da za a tsinka a Janairu nasu ne.